Ƙofar da Ake Buɗewa Daga Funtuwa

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma duk wanda ya taɓa aiken yaro ya sayo masa manja ya dawo da man gyaɗa ya san ba su faɗi ƙarya ba. Manzo yakan manta, yakan ƙara wa magana gishiri, akan tare shi a hanya a ji abin da ya ɗauko, wani lokacin ma sai ya kai saƙon gidan da ba can aka aike shi ba. Sai dai fa wannan karin magana ta ginu ne a kan cewa hanya lafiya take, mutum zai hau jakinsa ko kekensa ya je ya dawo. A ƙasarmu ta Matazu, da maƙwabtanta irin su Musawa da Ɗanmusa da Ƙanƙara, 'yan shekarun nan sun sa zuwa da kai ya yi tsadar da kakanninmu ba su san ta ba. Saboda haka nake so in tattauna da mai karatu a kan wani aiki da na sa hannu a cikinsa, wanda ya nuna mini yadda masu ilmin kwamfuta suka bi illolin aike ɗaya bayan ɗaya suna toshewa, da kuma inda dabararsu ta tsaya.

Bari in fara da na'urar da ake magana a kanta, don na san galibinmu mun sha wucewa ta gabanta a ɗakin kwamfuta na jami'a ba mu ko kalle ta ba. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne mai faɗi, kaurinsa bai wuce yatsu uku ba, da ramuka 24 ko 48 a jere a gabansa, kowane rami da igiyar da ta tafi ga kwamfuta guda, ga 'yan fitilu suna ta ƙyaftawa. Masu sana'ar suna cewa suwic. Ni kuwa a nan zan kira ta mararraba, domin duk saƙon da ya fito daga wata kwamfuta a ɗakin sai ya biyo ta cikinta kafin ya san inda zai nufa. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tashar Funtuwa, wanda ya san motar da za ta Kano da wadda za ta Gusau, ya kuma san fasinjan da zai tura wa kowace. Masu tsada daga cikin waɗannan na'urori suna karɓar umarni. Ana iya ce wa mararraba ta rufe rami na 7, ko ta raba ɗakin gida biyu yadda kwamfutocin ɗalibai ba za su ga ta ofis ba. Watau wanda ya sami bakin yi mata magana ya mallaki ɗakin baki ɗaya, ko da bai taɓa taka ƙafarsa a ciki ba. Hanya biyu kuwa ake bi a yi mata maganar. Ko dai a tsugunna a gabanta a soka wata igiya shuɗiya a wani rami na musamman a haɗa da kwamfutar hannu, ko kuma a zauna a wani gari a turo umarnin ta layin sadarwa.

A cikin garin Matazu akwai wata 'yar cibiya ta wani Alhaji, ɗaki biyu da kwamfutoci kamar 20, da janareta a bayan gini. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kan kwamfuta a 2015, irin wannan wuri ya zama dole ga yaran karkara. Yaron da hannunsa ya saba da fartanya da galma, in bai sami inda zai koyi riƙe linzamin kwamfuta ba, sai ya shiga ɗakin jarrabawa ya san amsa amma ya kasa kai ta inda ake so. Yayana ne ke kula da na'urorin cibiyar. Shi kuwa a Funtuwa yake zaune da iyalinsa, yana da wasu wuraren da yake dubawa a can da Malumfashi. Duk sa'ad da wani abu ya lalace a Matazu sai ya hawo mota ta Malumfashi da Musawa, Inna kuwa ba ta samun sukuni sai ta ji sallamarsa a zaure. Tun da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ba wanda ke bukatar a yi masa bayanin dalilinta. Doka ta kafa masa, cewa in la'asar ta yi, duk garin da yake nan zai kwana.

Ranar 14 ga Fabrairu 2022 malaman jami'o'i suka shiga yajin aikin nan da ya kai wata takwas. Ina aji ɗaya a lokacin, na tattara littattafaina na koma gida, na riƙa zuwa cibiyar ina taya yara karatun Hausa da na Turanci. Ana saura 'yan makonni a yi jarrabawar JAMB ta wannan shekara sai wurin ya kamu da wani ciwo. A zo da safe a tarar rabin kwamfutocin ba sa ganin babbar da ke ɗauke da tambayoyin gwaji. Igiyoyi lafiya, wuta lafiya, amma fitilun ramukansu a mace. Yara sun biya kuɗi, waɗansu daga ƙauye suka hawo babur, sai su ƙare a zaune uku-uku a kan na'ura ɗaya. Yaya ya zo ya buɗe ramukan ya koma, bayan kwana biyu aka sake rufe su. Har an fara raɗe-raɗin sammu.

A zuwansa na biyu ya gano bakin zaren. Wanda ya fara kafa na'urar, tun kafin Yaya ya karɓi aikin, ya bar ƙofar nesa a buɗe ta wata tsohuwar hanya mai suna Telnet, da kalmar sirri guda ɗaya tak wadda duk wanda ya taɓa aiki a wurin ya sani, har an rubuta ta da gawayi a bango bayan kabad. Layin iska na cibiyar kuwa yana kaiwa har gindin darbejiyar da ke waje. Duk mai wayar hannu da ya san kalmar zai iya zama a inuwa da yamma, kafin a kashe janareta, ya ba mararraba umarni ya kuma sa ta riƙe shi. Alhaji ya ce ya san mai aikin, wani yaro ne da ya sallama. Yaya ya ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri. Mutum bakwai sun san kalmar nan, na'urar kuma ba ta rubuta wanda ya shiga ba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." La'asar ta gabato, sai ya canza kalmar don a sami na wucin gadi, ya bar mini igiyarsa shuɗiya da tsohuwar kwamfutarsa ta hannu, ya ce ran Asabar za mu ƙarasa ta waya.

Shi Telnet ɗin nan tsufa ne ya kama shi. An ƙirƙiro shi a Amurka a 1969, sa'ad da kwamfutocin da ke haɗe da juna ba su wuce na 'yan jami'o'i da wuraren bincike ba, kowa ya san kowa, kamar ƙauyen da ake kwana ba a rufe ƙofa. Aibinsa shi ne duk abin da ka rubuta, har sunanka da kalmar sirrinka, a fili yake tafiya, kamar wasiƙar da ba a sa ta a ambulan ba. Kada kuma mai karatu ya ɗauka matsalar ƙauye ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa zagaya intanet tana ƙwanƙwasa ƙofar Telnet ta kyamarori da ƙananan na'urorin gidaje, tana gwada sunaye da kalmomin sirri kimanin 60 irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta. Na'urori dubu ɗaruruwa suka buɗe mata. Da wannan runduna aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari ranar 21 ga Oktoba 2016, har Twitter da Netflix da waɗansu manya suka ɗauke wa mutane da yawa na tsawon sa'o'i. A ƙarshen shekarar aka juya irin wannan runduna kan kamfanin waya na Lonestar a Laberiya, intanet ta yi ta yankewa a ƙasar, daga baya wata kotu a Landan ta ɗaure Baturen da ya yi aikin a 2019. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin mamaki, maganin ya riga waɗannan hare-hare zuwa da shekara 21. A 1995 wani mai bincike a jami'ar fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ya ga an dasa wa layin jami'arsu kunne an kwashe kalmomin sirrin mutane. Sai ya rubuta wata manhaja ya sa mata suna SSH, ya sake ta kyauta. Daga baya aka gyara ta aka fito da tsari na biyu, wanda aka tabbatar da ƙa'idojinsa a 2006, shi ne kuwa ake aiki da shi yau. Wannan ita ce ƙofar da Yaya yake so mu kafa a madadin tsohuwar.

Ran Asabar da hantsi aka ta da janareta, na shimfiɗa tabarma a gaban na'urar, na soka igiya, na ajiye wayata a gefe muryar Yaya na fitowa. Umarnin da Turanci ake rubuta shi, yana karanto mini harafi-harafi, ni kuwa ba na danna komai sai ya gaya mini ma'anarsa. Ya ce, "Kai ɗan jami'a, tambaya sai ka ce alƙali." Na ce, "Yaya, ai ba a sa hannu a takardar da ba a karanta ba."

Abu na farko shi ne raɗin suna, domin na'urar ba ta yarda ta ƙera hatiminta sai an ba ta suna da sunan gidan da take. Sarakunanmu na da, in za su aika wasiƙa, sukan buga mata hatimi don wanda aka kai wa ya tabbata daga fada ta fito. Haka mararraba ta ƙera nata da wani lissafi da ake kira RSA, wanda masana uku suka fito da shi a 1977. Kashi biyu ne. Ɗaya yana ɓoye a cikinta, da shi take buga tambari. Ɗayan a fili yake, da shi kowa zai gane tambarin nata ne, amma ba zai iya kwaikwayonsa ba. Ta tambayi tsawon da muke so, Yaya ya ce in rubuta 2048. Amfanin wannan shi ne kada manzo ya kai saƙo gidan da ba shi ba, watau kada wata na'ura ta tsaya a tsakiyar hanya ta ce ita ce ta Matazu, Yaya ya miƙa mata kalmar sirrinsa.

Na biyu shi ne zaurance. Mun yi shi muna yara, mu juya gaɓoɓi mu ce dagi a maimakon gida don kada manya su gane. Raunin namu shi ne ƙa'idarsa ɗaya ce, ran da babba ya gano ta shi ke nan. Na SSH kuwa, duk lokacin da aka buɗe zance na'urorin biyu sukan ƙulla sabon mabuɗi na wannan zaman kaɗai, ta hanyar lissafin da ko wanda ya saurari ƙullawar daga farko har ƙarshe ba zai iya fitar da mabuɗin ba. Bugu da ƙari, kowane saƙo yana tafe da alamar da za ta tona asiri in an taɓa ko harafi ɗaya a hanya. Mai tare manzo da mai ƙara gishiri duk an sallame su ke nan. Muka umarce ta kada ta karɓi tsari na farko, don an san ɓarakarsa, sai na biyu.

Sa'an nan muka rufe tsohuwar ƙofa. Irin wannan na'ura tana da ƙofofin nesa 16, daga 0 zuwa 15, a jerin umarninta kuma an raba su gida biyu, biyar na farko da goma sha ɗaya na baya. Yaya ya ce nan ne masu gaggawa ke faɗuwa, su kulle biyar ɗin farko su manta da sauran, kamar wanda ya sa wa zaure kwaɗo ya bar katangar baya a rushe. Muka bi su duka muka ce SSH kaɗai za su amsa wa.

Daga nan sai maganar masu shiga. Aka soke kalmar nan ta kowa da kowa, aka yi wa Yaya sunansa da kalmarsa, ni ma aka yi mini nawa, kowace doguwa wadda ba lambar waya ba ce, ba kuma sunan ɗan wani ba. Na'urar ba ta ajiye kalmar kanta, sai ta niƙa ta ta ajiye garin, gari kuwa ba ya komawa tsaba. In ka zo shiga sai ta niƙa abin da ka rubuta ta gwada gari da gari. Akwai kuma kalma ta biyu ga mai son canza wani abu, don wanda aka yi wa iso zuwa zaure ba a ba shi izinin shiga turaka ba. Muka ware hanyar ba da umarni daga ta kwamfutocin ɗalibai da layin iska, yadda na gindin darbejiya ba zai ko ga ƙofar ba balle ya ƙwanƙwasa. Ba mu kuma buɗe ta ga intanet gaba ɗaya ba. Yaya yakan shigo ne ta wani keɓaɓɓen lungu da ake kira VPN, wanda ya riga ya shirya tsakanin kwamfutarsa da na'urar da ke kawo wa cibiyar intanet, ita kuma mararraba aka ba ta jerin adireshin da za ta amsa wa sallama. Wanda ya kuskure kalma sau 3 cikin minti ɗaya, sai ta rufe ƙofa na minti 2. Wanda ya shiga ya yi shiru, da minti 10 take jira kafin ta kore shi, Yaya ya mai da shi 5.

Saura littafin baƙi. Muka sa ta riƙa aika wa kwamfutar ofis rahoton wanda ya shiga da lokacin da ya shiga. Da na tambaye ta kwanan wata sai ta ce 1 ga Maris 1993, lokacin ko haihuwata ba a yi ba. Ashe irinta ba ta da agogo mai batir, duk sa'ad da aka ɗauke wuta can take komawa. Shaidar da ba ta san ranar da abu ya faru ba kuwa ba shaida ba ce, don haka muka koya mata tambayar lokaci daga intanet da zarar ta tashi.

Yaya ya ce, "Kada ka zare igiyar nan sai na shigo, don in mun kulle kanmu a waje ta nan za mu koma." Na haɗa kwamfutata da na'urar kai tsaye, ta nuna mini tambarin hatiminta, dogon jeri na haruffa da lambobi. Shi ma ya ƙwanƙwasa daga Funtuwa ta nuna masa. Na karanta nawa yana bin nasa har muka kai ƙarshe, ba inda suka saɓa. Ya ce in dubi rami na 7. Fitilarsa ta mutu a kan idona, jim kaɗan ta kama ruwan goro, sa'an nan ta koma koriya. Ya gwada Telnet, ta ƙi shi. Daga ƙarshe muka ba ta umarnin adana duk abin da muka yi, domin in ba a yi haka ba, da an kashe janareta aikin yini guda ya bi ruwa.

Tun daga ranar ba a sake rufe rami ba, yara suka ƙarasa gwajinsu kowa da na'urarsa. Zirga-zirgar Yaya ta ragu ƙwarai, sai in igiya ta tsinke ko wani abu ya ƙone. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, sai amfanin abin ya ƙara fitowa. Inna ba ta san SSH ba, amma ta san ɗanta ya rage hawa hanya.

Duk da haka ban ce an kayar da karin maganar ba. Sai da wani ya zauna a kan tabarma a gaban na'urar kafin aiken ya yiwu, kuma Yaya ya yarda da tambarin da na karanta masa ne don ya san muryar ƙanensa. Har ila yau, a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga, Funtuwa da Malumfashi na ciki. Yaya ya ɗanɗana wannan zama, ya san ƙofar nesa ba ta da amfani ran da babu layi. Shi ya sa ya bar igiya shuɗiya a aljihun teburin Alhaji, da kwafin duk umarnin da muka bayar, da wata kalmar ko-ta-kwana a cikin ambulan a liƙe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne asalin ɓarakar. Mutum bakwai sun san kalma ɗaya ne domin duk wanda ya bar aiki a wurin, ba a iya canza ta, kada ya ji ya ce an ɗauke shi ɓarawo. Kunya ce ta bar ƙofar a buɗe, mu kuwa da kunya aka raine mu, muna kuma alfahari da ita. Na ɗanɗana nauyin abin da kaina. Wani wanda ya girme ni, muna gaisawa da mutunci, ya ce in ba shi kalmata zai duba wani abu. Na ce, "Yallaɓai, ka gafarce ni, amana ce aka ba ni, amma in akwai abin da kake so sai in duba maka." Ya ce boko ya ɓata ni, ya yi kwanaki yana amsa gaisuwata a daƙile. Da aka janye yajin aiki a watan Oktoba ina shirin komawa makaranta, Yaya ya kira ni ya ce ya goge sunana daga na'urar. Na ji abin a raina, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce, "Ƙanena, da na bar naka, da wane baki zan goge na wani?"

To 'yan'uwana ɗalibai, ba kowa ne a cikinmu zai taɓa ba mararraba umarni ba, amma kowa yana da ƙofar da ake buɗewa daga nesa. Nawa ne daga cikinmu suka bar kalmar shiga shafin rajistarsu a hannun mai shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta, tun suna aji ɗaya har yau ba su canza ba? Nawa ne suka karanta wa aboki lambar katin banki don nauyin cewa a'a? Masana sun gama nasu, sun ba mu hatimi da zaurance da littafin baƙi, kuma a kyauta. Abin da ya rage namu ne, mu saba da cewa canza kalmar sirri ba zargi ba ne, ƙin bayar da ita kuma ba rashin kunya ba ne, kamar yadda mai gida ke rufe zaurensa da dare ba tare da maƙwabcinsa ya ce an zage shi ba.